Gaishe Ki FIA, Mai Mudu Biyu

Ranki ya daɗe, hukumar FIA, uwar tseren motoci ta duniya, mai fada a dandalin Concorde na birnin Paris. Gaisuwa na kawo, na kuma haɗo da yabo, domin jaridun Turai sun daɗe suna yi miki rashin kunya, ba wanda ya zauna ya lissafa alherinki. Tun 1904 kike tsaye da ƙafarki. Ke kike rubuta dokar Formula 1, ke kike naɗa alƙalan da za su karanta ta, kotun ɗaukaka ƙara a zaurenki take shimfiɗa tabarma, in kuma aka ce kin yi ba daidai ba, ke kike tashi da kanki ki binciki kanki, ki dawo ki yi wa duniya albishir cewa lafiya lau kike. Wane sarki ne ya taɓa tara irin wannan kamala a hannu ɗaya?

Da tarbiyya zan fara, tunda ita kika sa a gaba a 'yan shekarun nan. A watan Satumba na 2024, ranar Alhamis, a Singafo, 'yan jarida suka tambayi Max Verstappen halin da motarsa ta shiga a tseren da ya gabata a Baku. Ya buɗe baki ya auna ashar guda ɗaya, kuma motar ya zaga, babu mutumin da ya taɓa. Kashegari alƙalanki sun kira shi, sun saurare shi, sun yanke masa hukuncin yi wa jama'a hidima. Kwana ɗaya tak tsakanin laifi da hukunci! A watan Disamba ya je Kigali ta Ruwanda ya sauke nauyin a tsakanin matasa masu koyon tsere. Charles Leclerc ma bakinsa ya zame a Meziko, ya nemi gafara nan take, duk da haka aka ci shi tarar yuro 10,000, aka jingine rabi. Shugabanki, Mohammed Ben Sulayem, ya yi wa direbobi nasiha cewa su ba mawaƙan rap ba ne. Lewis Hamilton, baƙar fata ɗaya tilo a cikin direbobi 20, ya ce maganar tana da ƙanshin wariyar launi, tunda kowa ya san waɗanda suka fi yawa a wannan waƙa. Ba ki bari wannan ya karya miki gwiwa ba. A Janairun 2025 kika fitar da jadawalin farashi: laifin farko yuro 40,000, na biyu 80,000, na uku 120,000 da dakatarwar wata guda da zaftare maki. Kika kuma sa kalaman da za su zubar wa ke kanki mutunci a cikin jerin laifukan da wannan farashi ya hau kansu. Da kuka ya yi yawa, a watan Mayu kika rage kuɗin. Allah ya ƙara tausayi.

Masu hassada ne kawai za su tuna cewa a wannan gari na Singafo, a kan waɗannan tituna, an taɓa yin wani abu da ya ɗan fi ashar nauyi. Ranar 28 ga Satumba 2008 aka yi tseren dare na farko a tarihin gasar. Fernando Alonso na ƙungiyar Renault ya tashi daga gurbi na 15, wurin da ba a cika cin tsere daga shi ba a titi mai matsi irin wannan. Ya shiga shan mai da wuri, a zagaye na 12, abin da ya ba masu sharhi mamaki. Zagaye biyu bayan haka abokin aikinsa, Nelson Piquet ƙarami, ya maka motarsa da bango a kwana ta 17, daidai inda babu na'urar ɗaga mota a kusa, don dole sai motar tsaro ta fito ta tattara kowa a bayanta. Manyan da ke gaba suka ruga shan mai a rikice. Felipe Massa na Ferrari, wanda ke jan ragamar tseren, ya fizgi mota da tiyon mai a maƙale a jikinta, ya ja shi har ƙarshen layin gareji, makanikai na bin sa da gudu, ya gama a na 13 babu maki ko ɗaya. Alonso ya ci tsere. A ƙarshen shekara Massa ya rasa kambun duniya da maki ɗaya, 97 da 98.

Sai da zama ya yi tsami tsakanin Piquet da ƙungiyar a 2009 ya faɗi gaskiya: umarni aka ba shi. Manya suka zaunar da saurayi mai tsoron rasa aikinsa, suka nuna masa kwanar da zai jefa ransa, da ran ma'aikatan gefen hanya, da na 'yan kallon da ke bayan waya. A nan ne duniya ta ga haƙurinki. Renault ta samu hukuncin je-ki-gyara-halinki na shekara biyu, wato kora a takarda, tsere a fili. Nasarar tana nan a littafi har gobe. Kin wanke Alonso cewa bai san komai ba. Kin haramta wa shugaban ƙungiyar, Flavio Briatore, harkar har abada, injiniya Pat Symonds kuma shekara 5, amma kin yi shari'ar ta hanyar da ta sa wata kotun Paris ta rushe haramcin a Janairun 2010. Symonds ya zama babban jami'in fasaha na Formula 1 a 2017. Briatore ya dawo ƙungiyar da ya bari, wadda yanzu ake kira Alpine, a 2024, shekarar da kike farautar masu ashar. A 2023 Bernie Ecclestone, tsohon mai riƙe da kasuwancin gasar, ya faɗa a wata hira cewa shi da shugabanki na lokacin, Max Mosley, sun samu labarin tun a 2008 suka yi shiru don kada sunan wasan ya ɓaci. Daga baya ya ce bai tuna ya yi hirar ba. Massa dai ya tuna, ya shigar da ƙara a Landan a 2024.

Dattawan kasuwar hatsi sun san ɗan kasuwar nan mai ajiye mudu biyu a ƙarƙashin buhu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, yana duban fuskar mutum kafin ya miƙa hannu ya ɗauko ɗaya. A kasuwa sunansa macuci. A Paris ana kiran abin duba yanayin kowace shari'a. A 2007 aka kama wani babban injiniyan McLaren da shafi 780 na sirrin motar Ferrari, bayan wani ma'aikacin shagon kwafin takardu a Ingila ya ga abin da aka kawo masa ya sanar da Italiya. McLaren ta yi laifi, ba mai wanke ta. Kika ci ta tarar dala miliyan 100, kika share mata makin ƙungiyoyi na shekarar kakaf. Ba a cika wata uku ba kika samu Renault da takardun sirrin McLaren, a ƙarƙashin sashen dokar nan dai, kika tabbatar ta karya doka, kika ce ta tashi ta tafi, ko sisi ba ta biya ba, wai ba a ga alamar abin ya shafi gasa ba. Tsakanin dala miliyan 100 da sifili akwai fili mai faɗi, ke kaɗai kika san yadda kike auna shi. Cewa Mosley da shugaban McLaren, Ron Dennis, ba sa ga maciji da juna, wannan tsegumin 'yan gareji ne, me ya haɗa shi da shari'a?

Wannan baiwa gadonta kika yi. A Suzuka ta Japan a 1989, Ayrton Senna da Alain Prost suka yi karo a lanƙwasar ƙarshe. Prost ya fita daga mota, Senna aka tura shi ya bi ta hanyar kauce wa haɗari ya koma tsere, ya canza hancin mota, ya riga kowa isa. Aka soke nasarar don bai bi ta lanƙwasar ba, kambu ya tafi hannun Prost, Bafaranshe, a zamanin shugaba Jean-Marie Balestre, Bafaranshe. Da aka ɗaukaka ƙara sai aka ƙara wa Senna tarar dala 100,000 da dakatarwar wata shida a jingine. Shekara ta zagayo, a filin nan dai, Senna ya afka wa Prost a kwanar farko da gudun da zai iya kashe su duka biyun, ya ɗauki kambu, daga baya ya amsa da bakinsa cewa da niyya ya ƙi ɗaga ƙafa. Wannan karon ba ki ga laifin kowa ba. A 2002 kuma, a Ostiriya, Ferrari ta umarci Rubens Barrichello ya taka birki a bakin layin ƙarshe ya ba Michael Schumacher nasara, 'yan kallo suka yi ta ihu. Kika ci tarar dala miliyan ɗaya, amma saboda direbobin sun ɓata tsarin tsayuwa a kan mumbarin karɓar kofi. Ladabin biki ba abin wasa ba ne a wurinki.

Ga ki da rufin asiri irin na mutanen kirki. A 2019 abokan hamayya suka yi ta ƙorafi cewa injin Ferrari yana da ƙarfin da dokar kwararar mai ba za ta iya bayarwa ba. Kika kwashe watanni kina bincike. A ƙarshen Fabrairun 2020, ana dab da rufe gwajin motoci a Barcelona, kika saki 'yar gajeruwar sanarwa cewa kun sasanta da Ferrari, kuma abin da kuka yarda a kai zai zauna tsakaninku. An karya doka, ko ba a karya ba? Ƙungiyoyi bakwai suka sa hannu a takarda ɗaya suna wannan tambaya, har yau suna jira. Shugabanki na lokacin, Jean Todt, shi ne ya jagoranci Ferrari a shekarun da ta fi cin kofuna, amma wannan ai haɗuwar jini ce kawai. Sulhu alheri ne, shi ya sa da Red Bull ta haura iyakar kashe kuɗi ta dala miliyan 145 a 2021, da kusan fam miliyan 1.9, aka zauna aka daidaita a kan tarar dala miliyan 7 da rage kashi 10 cikin ɗari na lokacin gwajin iska. Hukuncin ya yi mata illar da a 2023 tsere 21 kawai ta iya ci daga cikin 22.

Amma duk wanda zai yi miki kirari bai kai Abu Dabi ba, bai fara ba. Ranar 12 ga Disamba 2021, Hamilton da Verstappen suka iso tseren ƙarshe da maki 369.5 kowannensu, bayan tsere 21 na karo da gaba da zaman alƙalai. Hamilton na neman kambu na takwas, wanda babu direban da ya taɓa samu. Verstappen na neman na farko. Saura zagaye biyar cikin 58, Hamilton na gaba da fiye da daƙiƙa goma, sai Nicholas Latifi ya bugi bango, motar tsaro ta fito. Verstappen, da ba shi da abin asara, ya shiga ya sa sababbin tayoyi masu laushi. Mercedes ta bar Hamilton a waje da tsofaffin tayoyinsa masu tauri, domin in ya shiga zai ba da gurbin farko, kuma duk mai karanta dokarki ya ga lokaci ba zai isa a sake sakin tsere ba. Kuskurensu ke nan, sun ɗauka abin da kika rubuta shi za ki yi.

Dokar ta ba daraktan tsere hanya biyu. Ko ya bar motocin da aka yi wa zagaye a inda suke, a saki tsere da motoci biyar tsakanin Hamilton da Verstappen. Ko ya ce su wuce su koma bayan layi, sannan motar tsaro ta shiga a ƙarshen zagaye na gaba, wanda a ranar yana nufin tseren zai ƙare a bayanta. Daraktan, Michael Masi, ya fara da ta farko, aka sanar wa duniya. Manyan Red Bull, ƙungiyar Verstappen, na kunnensa ta rediyo, shugaban Mercedes, Toto Wolff, shi ma yana kunnensa, miliyoyin mutane na sauraro, domin ke kika yarda masu ƙara su riƙa kiran alƙali yana tsakiyar shari'a. Sai ga hanya ta uku, wadda ba ta cikin kowane littafi. Motoci biyar ɗin nan kaɗai, na Norris da Alonso da Ocon da Leclerc da Vettel, aka ce su wuce. Sauran da aka yi wa zagaye aka bar su inda suke, har da waɗanda ke tsakanin Verstappen da Carlos Sainz mai matsayi na uku, shi bai cancanci a share masa hanya ba. Motar tsaro ta shige a wannan zagayen ba tare da jiran na gaba ba. Zagaye ɗaya ya rage, sabuwar taya a bayan tsohuwa. A kwana ta biyar aka gama.

Verstappen ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra, hanya aka buɗe masa ya bi, kuma ya yi shekarar da ta cancanci kambu. Shi ma kin cuce shi, domin kin shafa wa kofinsa na farko tabon da ba shi ya jawo ba. Abin yabon yana wurin alƙalanki. A daren suka yi watsi da ƙorafin Mercedes, suka ce wani sashe na gaba ya rinjayi wanda aka taka, kuma darakta yana da cikakken iko a kan motar tsaro. Wato doka tana nan daram, sai dai akwai wata dokar da ta ce ana iya ajiye ta. Bayan kwana biyar aka zaɓi Ben Sulayem, kuma a zamansa na farko da 'yan jarida ya nuna inda zuciyarsa take: da aka tambaye shi batun Hamilton da ya ƙi halartar bikin raba kyaututtuka, ya ce doka doka ce, in an karya ta babu yafiya. A Fabrairu aka cire Masi, mutumin da aka ɗora wa ayyuka da yawa shi kaɗai tun rasuwar magabacinsa Charlie Whiting a 2019, aka bar shi da barazanar kisa daga mahaukatan intanet. A watan Maris, ranar da hankalin kowa ke kan neman gurbi a tseren farko na sabuwar shekara a Bahrain, rahotonki ya fito. Kuskure ne irin na ɗan Adam, an yi shi da kyakkyawar niyya, sakamako kuma ya tabbata. An gyara kalma guda a dokar, an rufe layin rediyon. Kin amsa an yi ba daidai ba, kin kuma tabbatar babu abin da za a mayar wa kowa.

To, ga inda nake so masu zaginki su tsaya su ga gwaninta. A Nuwamban 2023 aka je Las Vegas. Minti takwas da fara atisaye, murfin ƙarfe na bututun ruwa ya ɓalle daga kwalta ya daki cikin motar Sainz yana cikin gudu, ya lalata ta har da batir. Titin nan jami'anki suka duba suka ce ya yi. Ferrari ta canza abin da ya lalace, ta roƙi a ɗauke mata hukuncin wuce adadin kayan da aka ƙayyade. Alƙalai suka rubuta cewa sun ga bala'i ne daga waje, da suna da iko da sun yafe, amma dole a bi doka yadda aka rubuta ta. Sainz ya zo na biyu a neman gurbi, ya tashi daga na 12. A Abu Dabi, da kambun duniya a kan tebur da kyamarori na jiran ƙarshe mai daɗi, doka ta yi laushi har ana iya naɗe ta a sa a aljihu. A Las Vegas, da direba ɗaya ne zai sha wahalar sakacin wasu, ta zama dutse. Haka a Beljiyam a 2021, dubban mutane suka yini cikin ruwan sama da taɓo a Spa, aka zagaya da motoci 'yan zagaye a bayan motar tsaro, daidai adadin da doka ke buƙata a kira abin tsere, aka raba rabin maki, aka fesa shamfen. Ba wanda ya wuce wani, amma littafi ya cika.

Akwai wurin da yabon ke tsaya mini a maƙogwaro, ranki ya daɗe, kuma zan faɗe shi yadda yake. Ranar 5 ga Oktoba 2014, a Suzuka, cikin ruwan sama, motar Jules Bianchi ta zame ta shige ƙarƙashin motar janwe da aka shigo da ita ta ɗauke wata. Bai sake farfaɗowa ba, ya rasu a Yulin 2015 yana da shekara 25. Shekara takwas bayan haɗarin, a filin nan, cikin irin wannan ruwa, Pierre Gasly na gudu don ya cim ma ayarin motoci, feshin ruwa ya rufe masa gani, sai ga janwe a kan titin kansa, a gefen layin da yake bi. Duk wanda ya ji muryarsa a rediyo a ranar ya ji muryar mutumin da ya ga kabarinsa. Mahaifin Bianchi ya fito ya ce ba a girmama ran direbobi ba, ba a girmama tunawa da ɗansa ba. Hukuncin da aka yanke a ranar a kan Gasly ya faɗa, daƙiƙa 20 da makin gargaɗi biyu, don ya yi gudu bayan an ɗaga jar tuta. Ya yi gudun, ya kuma amsa. Wanda ya ba janwe izinin shiga fa? Sai bayan makonni rahoto ya ce da an sani da an jinkirta.

Abin ya fi ciwo ne don an san kina iyawa in kin so. Ke kika dage a 2018 aka sa wa motoci ƙarfen nan mai kare kan direba, ana ta zaginki cewa ya ɓata musu kyau, kuma shi ya sa Romain Grosjean ya fito da ƙafarsa daga cikin wuta a Bahrain a 2020. Yaran nan suna shiga mota suna gudun sama da kilomita 300 a awa bisa amanar cewa wanda ke ɗakin sarrafa tsere yana tsaron ransu, kuma dokar da aka karanta musu ranar Juma'a ita za a yi aiki da ita ranar Lahadi. A wannan shekara ta 2022 da janwe ya hau titi, watanni kika ɗauka kina jayayya da Hamilton a kan ɗan ƙarfen da ke hancinsa.

Mu koma ga alheri. Verstappen ya taɓa fiffiken bayan motar Hamilton da yatsa a Birazil a 2021, yuro 50,000. Sainz ya makara wurin taken ƙasa a Japan a 2025 saboda ciwon ciki, likita ya shaida, yuro 20,000, rabi a jingine. A 2023 kika ɗaga iyakar tarar da za a iya ci wa direba zuwa yuro miliyan ɗaya. A Nuwamban 2024 ƙungiyar direbobin ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa, suka ce su manya ne, suka roƙi shugaba shi ma ya riƙa tauna kalamansa, suka kuma tambayi inda kuɗin tarar ke zuwa. Hukuma ta ce ana zuba su a harkar tsaro da renon masu tasowa. Shugaban kuwa, da aka tambaye shi ƙorafin direbobi a kan yadda yake tafiyar da gidan, ya ce ba ruwansu. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Su kuma alƙalan da ke yanke hukuncin da zai iya juya kambu da miliyoyin daloli, 'yan sa-kai ne, ana sauya su daga tsere zuwa tsere, abin da ya halatta a Birazil ya haramta a Jidda. Direbobi sun yi ta roƙon a ɗauki na dindindin a biya su albashi. Aka ce kuɗi ne matsalar.

Gidanki kuma tsaf yake, ba a barin ƙura ta kwanta. Shugabar ma'aikata Natalie Robyn ta tafi a 2024. Daraktan tsere Niels Wittich aka wayi gari babu shi saura tsere uku a gama shekara, hukuma ta ce ya ajiye aiki, shi ya ce sallamarsa aka yi. Jami'in da ke kula da bin ƙa'ida, Paolo Basarri, wanda ya rubuta rahoton zargin cewa shugaba ya sa baki a hukuncin Alonso a Jidda a 2023, zargin da kwamitin ɗa'a ya wanke shugaban daga gare shi, shi ma ya bi su. Tim Mayer, wanda ya yi shekara 15 yana alƙalanci, ya ce ta saƙon waya aka sallame shi. A Disamban 2024 aka gyara tsarin mulki yadda ƙorafin ɗa'a zai riƙa komawa teburin shugaba da shugaban majalisar dattawan hukumar. Shugaban hukumar tseren Birtaniya, David Richards, ya ƙi sa hannu a sabuwar takardar rufe baki, aka hana shi zaman majalisar da yake mamba. A Afrilun 2025 mataimakin shugaba mai kula da wasanni, Robert Reid, wanda suka yi yaƙin neman zaɓe tare, ya ajiye muƙami yana cewa ƙa'idojin shugabanci sun rushe.

Sai zaɓe, kuma a nan kika koya wa 'yan siyasar duniya darasi. Ba ki hana kowa takara ba. Mayer ya fito, Laura Villars 'yar tseren Suwizalan ta fito, wasu ma suka nuna sha'awa. Sharaɗin kawai shi ne kowane ɗan takara ya kawo jerin mataimaka bakwai daga yankunan duniya, a ciki dole a samu ɗaya daga Kudancin Amurka, a ɗauko shi daga cikin sunayen da aka tantance, kuma mutum ɗaya ba ya shiga jeri biyu. Da aka fitar da sunayen, daga Kudancin Amurka gaba ɗaya mutum ɗaya ce a ciki, Fabiana Ecclestone ta Birazil, matar Bernie, ita kuma tana cikin tawagar shugaba mai ci. Mayer ya janye a watan Oktoba. Villars ta garzaya kotu a Paris, kotu ba ta dakatar da zaɓen ba. Ranar 12 ga Disamba 2025, wakilan ƙungiyoyin motoci na ƙasashen duniya suka hallara a Tashkent ta Uzbekistan, aka raba musu takardar ƙuri'a mai suna ɗaya, suka zaɓa cikin cikakken 'yanci. Ranka ya daɗe, shugaba, barka da wannan gagarumar nasara, Allah ya sa a gama shekara huɗun nan ba wanda ya yi ashar.